Guɗar Wasilatu

"To ai wannan ba waƙa ba ce, Kawu, kasuwar dabbobi ce aka zuba a kaset," in ji Hafiz. "Tun da aka kunna na ji zakara, na ji akuya, na ji wani tsoho yana tari kamar zai tofar da huhunsa. Mawaƙin ne kaɗai ban ji ba."

"Yi haƙuri, ɗan birni," Dogara ya ce, bai ko ɗago kai daga shinkafar da yake dunƙulawa ba. "Yanzu ɗan'uwanka zai shigo, ka ji muryar gida."

Bai rufe baki ba jaki ya ɓarke da kuka daga cikin rediyon, kuka mai hawa da sauka, irin na jakin da ya san ana ɗaukar muryarsa. Ɗakin ya kwashe da dariya. Auta, direban tankar ruwa, har ya ƙware da shinkafa.

"Gaida Yaya mana, Hafizu! Ko kun yi faɗa ne?" in ji Auta.

Abin haushin shi ne ba ƙarya suke yi ba. Jakin na mahaifin Hafiz ne. An ɗauki kaset ɗin ne a wata kalankuwa a Kwarin Gawo, ƙauyensu shi da Dogara, lokacin Hafiz yana yawo ba wando. Lado Mai Gurmi ya zauna a inuwa ya wuni yana wasa manoma, wani Ayuba kuma ya kifa turmi ya ɗora rediyonsa a kai ya danna jan maɓalli. Shi kuwa rediyo ba ya da tarbiyya, duk abin da ya gitta sai da ya haɗiye: kaji, dakan mata, kukan jariri, wani da ke tambayar wa ya ɗauke masa takalmi. Bayan biki Ayuba ya kwafa wa duk manomin da Lado ya kira sunansa, aka rarraba. Na Dogara ne ya ƙetare teku ya zo ya tare a wani tsohon gida a unguwar Al Asmakh ta birnin Doha, a ɗaki mai gadaje hawa-hawa da na'urar sanyi mai gurnani kamar tsohuwar gingimari.

Kowace Juma'a, in an sauko daga masallaci an kewaye faranti, sai an kunna shi. Kuma kowace Juma'a sai Hafiz ya nuna cewa shi ya wuce nan. Shi fa mai gadi ne a ƙofar wani babban asibiti, rigar aikinsa ta sha guga har tana iya yanka tumatir, aljihunsa ba ya rabuwa da littafin soyayya. Duk wanda ya tambaye shi garinsu, Kaduna yake cewa, saboda ya taɓa yin zango ɗaya na makaranta a gidan gwaggonsa a can. Ko hutu ya je Najeriya a Kaduna yake sauka, sai dai mahaifiyarsa ta hau motar kasuwa ta je ta gan shi. Dogara, wanda ya samo masa kafil, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, ya kawo shi Doha, bai taɓa ƙaryata shi ba. Ɗan birni kawai yake ce masa, da wani irin ladabi mai ƙaiƙayi.

Lado ya ci gaba da jan gurminsa, murya a dushe:

*Ruwa ya sauka ranar Talata,*
*gero ya ɗaga kai yana gaida dawa.*
*Wanda ya tafi birni, ku gaya masa*
*ƙasa ta tambaye shi.*

Ƙattin da suka kwashe mako suna fama da rana da masifar masu gida suka yi tsit, kowa ya kafa wa bango ido kamar akwai taga a wurin. Sai Dogara ya ɗaga yatsa ɗaya sama. Duk ɗakin an san wannan yatsan. Mai tauna ya daina tauna.

*Dogara na Wasila, garma ta san tafinka,*
*rana ta fito ta tarar ka riga ta.*

Nan Lado ya ɗan tsaya ya ja numfashi, kuma a cikin wannan 'yar tazarar wata mace ta rangaɗa guɗa. Siririya, doguwa, mai karkarwa a ƙarshe kamar dariya na neman ƙwace mata. Wasilatu ke nan, matar Dogara. Ta rasu shekarar da ya zo Doha, ko jana'izarta bai samu ba. Ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Abin da ya rage masa nata a duniya shi ne tsohon ɗankwali ɗaya da wannan guɗar. Ko Hafiz, da duk iyayinsa, a nan yakan rufe baki.

Da a ɗakin abin ya tsaya, da babu labari. Amma Dogara shi ne direban bas ɗin da ke ɗaukar ma'aikatan asibitin, kuma a bas ɗin ma Lado ne limami. A cikin masu hawa akwai Haulat, ma'aikaciyar jinya, 'yar Zariya, wadda in ta ce "sannu da aiki" a bakin ƙofa Hafiz yakan wuni yana juya kalmomin yana neman abin da ta ɓoye a ciki. Ya karanta littattafai da yawa, ya san cewa mace ba ta cewa sannu a banza.

Wata safiya ta tsaya a gaban ɗan ɗakin gadinsa.

"Malam Hafiz, kai da kuke ɗaki ɗaya da Baba Dogara, ba za ka yi mini hanya ba?"

"Wace hanya, Sista?"

"Kaset ɗin nan nasa. Na roƙe shi ya ba ni a kwafa mini, ya ce wai duk kwafin da aka yi yana cin muryar, yadda wanki ke cin atamfa. Har na yi masa alkawarin turare, ya ƙi."

"Wannan? Ai ki ɗauka an gama."

Da jirgin ruwa ta ce tana so, da haka zai amsa. Sai bayan ta wuce ya tuna abin da ke cikin kaset ɗin. Yarinya kamar wannan, mai karatu, mai ƙamshi, a ce kyautar farko da za ta fito daga hannunsa ita ce kukan jakin ubansa! A duk littattafan da ya karanta bai taɓa ganin inda aka fara soyayya da jaki ba.

Allah da ikonsa, a makon nan Dogara ya samu kujera a motar Umra. Mutum kuwa ba ya zuwa Ɗakin Allah da gurmi a aljihu. Ya naɗe kaset ɗin a ɗankwalin Wasilatu ya tura ƙasan akwati. Bai sa kwaɗo ba, don bai taɓa zaton akwai mai ƙarfin halin taɓawa ba. Ya raina abin da "sannu da aiki" ke iya sa saurayi ya aikata.

A wani lungu a bayan gidansu akwai shagon wani Ba'indiye mai sayar da batir da katin waya, yana kuma juya tsofaffin kaset zuwa faifan sidi da kwamfutarsa. Hafiz ya miƙa masa amanar, ya yi bayani da guntun Larabcinsa da hannuwansa biyu: a bar muryar mawaƙi, a bar kiɗa, sauran hayaniya duka a fitar. Mutumin ya sa abin ji a kunne ya saurara. Da jakin ya shigo, ya ɗago ya dubi Hafiz da tausayi, irin kallon da likita ke yi wa wanda ya makara zuwa asibiti.

"Mafi mushkila," ya ce da Larabci, wato ba matsala, yana kaɗa kai.

Guɗar kuwa ko a ransa Hafiz bai kawo ta ba. Wane mahaukaci ne zai kira guɗa hayaniya? Bai tsaya ya yi tunanin cewa mutumin da bai taɓa zuwa kalankuwa ba, a kunnensa guɗa da kukan akuya duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Da ya koma karɓa, ga faifai yana walƙiya kamar madubi. Mai shagon na ta murmushi, don akwai ƙarin alheri. Ya nuna masa 'yan ramukan saman kaset ɗin, waɗanda ke hana a yi ɗauka a kai: ya liƙe su da salatif, ya mayar da gyararriyar waƙar a kan tsohuwar.

"Kaset ma sabo. Sem-sem. Hadiya!"

Kyauta ce, wato. Hafiz ya kama hannunsa da hannu biyu yana godiya. Yana tafe yana hango Dogara da ƙwalla a ido yana cewa, ashe dai zaman birni da rana. Ya mayar da kaset ɗin cikin ɗankwali. Bai saurari ko ɗaya ba, don ya ƙudura jin farko tare da Haulat za su yi shi. Haka ake yi a littafi.

Ranar Juma'a da la'asar suka haɗu a Corniche, titin shan iska na bakin teku. Iska na busowa daga teku, jiragen katako na rangaji a bakin ruwa, can ƙetare kuma dogayen gine-gine da ba a gama ba sun tsaya da ƙarafa a ka, garin na ta shirin wasannin Asiya. Haulat ta zo da ƙawarta, wadda ta zauna nesa kaɗan tana cin gyaɗa tana gadin mai gadi. Hafiz ya ajiye ɗan rediyo mai cin faifai da ya aro, ya danna.

Abin da ya fito, Lado ne kuma ba Lado ba ne. Mai shagon ya yanke duk inda mawaƙin ya yi shiru ya haɗe bakin, sauran kuma ya lulluɓe da wani kiɗan fiyano mai tsalle-tsalle. Kamar an kamo tsoho daga gona an cusa masa kwat an tura shi biki a otal.

Haulat ta karkata kai. "Ina zakaran?"

"An cire, Sista," ya ce da alfahari.

"Tsohon nan mai tari fa?"

"An ba shi magani." Ya yi dariya. Shi kaɗai.

"To jakin babanka fa?"

Iskar teku ta tsaya cak, ko kuma shi ne ya daina jin ta.

"Jakin... wa?"

"Haba Malam Hafiz. Ai tun bara Baba Dogara ya gaya wa duk bas ɗin. Har 'yan Filifin sun san shi, in ya fara kuka sai su ce ga na mai gadinmu nan. Ni na ɗauka ka san mun sani." Ta dube shi ba tare da mugunta ba, abin da ya fi muguntar ciwo. "Kai kana ganin don muryar Lado nake so? Muryar Lado ai kamar ana jan buhu a kan tsakuwa. Ni wuni nake cikin na'urori masu ƙara ɗaya, fitila fara, kowa na magana ƙasa-ƙasa. In na shiga bas na rufe ido, sai in ji ni a tsakar gidan kakata, ana daka, wani na neman takalminsa. Akwai mutane a ciki. Wannan naka ba kowa, sai tsoho ɗaya da aka kulle a ɗaki."

Ana haka Lado ya iso baitin Dogara. *Dogara na Wasila.* Haulat ta ɗaga yatsa ɗaya sama, yadda Dogara ya koya wa duk bas ɗin. *Rana ta fito ta tarar ka riga ta.* Sai kawai Lado ya zarce sunan manomi na gaba, ko numfashi bai ja ba. Fiyano na ta rawarsa.

Ta sauke yatsan a hankali. "Har ita?" Ta yi ajiyar zuciya. "To, Allah ya sa dai na Baba yana nan yadda yake."

Sai a lokacin Hafiz ya tuna. Salatif. Sem-sem. Hadiya.

"Malam Hafiz? Na ce na Baba yana nan, ko?"

Ta dubi fuskarsa, ta gane. Ta miƙe ta gyara mayafi.

"Ni kwafi na ce ka samo mini," ta ce. "Ban ce ka sake binne masa mata ba."

Da gudu ya isa lungun, rigar gugar ta jiƙe sharkaf. Mai shagon ya tarbe shi da fara'a, yana zaton wani aikin ya kawo. Na farkon fa? Wanda aka zuba a kwamfuta kafin a gyara? Mutumin ya buɗe hannuwa. Kwamfutar ƙarama ce, bidiyon biki sun yi mata yawa, wa zai ajiye datti bayan an yi shara?

"Khalas," ya ce, wato shi ke nan. Ya ƙara da cewa in akwai wani kaset ɗin a kawo, zai yi ragi.

Dogara ya dawo da kai a aske, da dabino da jarkar zamzam, fuskarsa a sake kamar an sauke masa kaya. Hafiz ya yi ta neman bakin da zai fara magana, kullum sai ya ga gobe ta fi dacewa. Har Juma'a ta zo.

Aka sauko daga masallaci, aka kewaye faranti. Dogara ya jawo akwati, ya warware ɗankwalin a hankali. Ya ga salatif. Ya shafa shi da babban yatsa, ya dubi ɗakin. Ya sa kaset ɗin ya danna.

Fiyano ya faso ɗakin da tsallensa.

"Kai!" in ji Auta. "Lado ya yi kuɗi ke nan? Ko shi ma ya samu biza?"

Ba wanda ya yi dariya. Dogara bai kashe ba. Ya zauna da hannuwa a kan gwiwa yana sauraro, waƙar ruwa ta wuce ba zakara, ba daka, ba mai neman takalmi. Inda jakin ya saba shigowa, Hafiz ya tsinci kansa yana jira. Shi da ya yi shekaru yana addu'ar Allah ya kashe wannan jakin a karo na biyu, yanzu ga shi ya kasa kunne kamar mai jiran sallamar mahaifinsa a ƙofar gida. Ba abin da ya zo.

*Dogara na Wasila.*

Yatsan ya tashi da kansa. Mai tauna ya daina tauna. Lado ya gama baitin ya wuce abinsa, yatsan kuwa yana nan a sama, shi kaɗai, yana jiran matar da ba za ta zo ba. Dogara ya miƙa hannu ya mayar da kaset ɗin baya, ya sake kunnawa. Ya sake. A na ukun ne ya kashe rediyon. Gurnanin na'urar sanyi ya cika ɗakin.

"Ma sha Allah," ya ce a hankali. "An share mana gari tas. Ko tsinke ba a bari ba." Ya juyo. "Ɗan birni, aikinka ne?"

"Kawu, wallahi ni na ɗauka..."

"A'a, ai ka kyauta. Da can matata tana damun mutane da ihu a gaban baƙi. Yanzu an koya mata zama irin na birni." Ya ciro kaset ɗin ya ajiye a gefen faranti, ya ninke ɗankwalin ba komai a ciki, ya sake ninkewa, har ya koma kamar laya a tafinsa. "Ku ci abinci, zai huce."

Ba wanda ya kai hannu. Da duka ya yi masa, da Hafiz ya gode. Hawaye suka zubo masa, ba irin na littafi masu sauka ɗaya-ɗaya ba, irin na yaron ƙauye, da majina da komai.

"Kawu," ya ce da ƙyar, "ba kai kaɗai Ayuba ya kwafa wa ba. Duk wanda Lado ya kira an ba shi nasa."

"An ba su. Wasu sun mutu, wasu ɓera ya ci, wasu 'ya'yansu sun ɗora wa'azi a kai. Wa ya sani?"

"Wani zai rage. A ƙasan wani akwati, ko a cikin wata tukunya."

"To sai ka aika a duba maka a Kaduna," in ji Auta, ba wasa a muryarsa. "Ai can ne garinku."

Hafiz ya share fuska da hannun rigar da ya ɓata safiya yana gogewa. Ya miƙe tsaye, kansa ya bugi ƙarfen gadon sama, bai ko sosa ba.

"Gobe zan je wurin kafil in nemi hutuna," ya ce, da ƙarfin da har na ɗakin kusa sai da suka ji. "Kuma ba Kaduna zan sauka ba, Kwarin Gawo zan sauka. Zan bi gidan duk wanda Lado ya kira sunansa, ɗaya bayan ɗaya, in yi sallama in ce ni ne Hafizu ɗan mai jakin nan. Ba zan sake taka Doha ba sai da guɗar Inna Wasila a aljihuna."